Kalmomin Kamanni da Kwaikwayo a Turanci ga Masu Jin Sinanci: Tambayoyi da Amsoshi

Na shafe shekaru ina koyar da Turanci ga ɗalibai Sinawa, kuma a wasu lokuta nakan yi wa 'yan kasuwarmu tafinta idan sun zo sarin kaya Guangzhou. A duka ayyukan biyu, babu rukunin kalmomin da ya fi jawo mini tambaya, ya kuma fi haddasa rashin fahimta, kamar kalmomin da ke bayyana kamanni da kwaikwayo. Na tattara tambayoyin da aka fi yi mini domin amfanin malaman da ke koyar da masu jin Sinanci, da ɗalibanmu da ke karatu a ƙasar Sin, da duk wanda Turanci ne ya haɗa shi da abokin hulɗa Basine. Kalmomin Sinanci na rubuta su da pinyin, wato tsarin rubuta Sinanci da haruffan boko.

Mene ne ainihin abin da ke ba Basine wahala a wannan rukuni?

Sinanci ba ya fama da ƙarancin kalmomi a wannan fanni, yana da su jingim. Sai dai a maganar yau da kullum kalmomi biyu ne ke ɗaukar mafi yawan nauyin: “xiang”, wato kama da, da kuma “mofang”, wato kwaikwayo. Idan ɗalibi ya buɗe ƙamus ya nemi “mofang”, sai ya tarar an jera masa “imitate”, “mimic”, “copy”, “ape” da “emulate” a layi ɗaya, kamar kowacce za ta iya zama a gurbin 'yar uwarta. Alhali kuwa kowacce daga cikinsu tana ɗauke da hukunci a kan mai aikin: wata yabo ce, wata ba'a ce, wata kuma tuhuma ce da za ta iya kai mutum gaban alƙali.

Wata ɗalibata ta taɓa kawo mini wasiƙar godiya da ta rubuta wa farfesan da ya duba kundin digirinta, domin in duba mata kafin ta aika. A tsakiyar wasiƙar ta rubuta “I have always mimicked you”. Abin da ke ranta shi ne ta daɗe tana koyi da shi, amma abin da ta rubuta ya fi kusa da cewa ta daɗe tana kwaikwayon muryarsa da tafiyarsa don a yi dariya. Da na bayyana mata, sai ta rufe baki da hannu, ta daɗe ba ta ce komai ba. Bahaushe ba zai sha wahalar gane wannan ba, tunda mu ma mun raba koyi da kwaikwayo, kuma ba mai cewa yana kwaikwayon malaminsa idan girmamawa yake nufi.

Me ya sa ake yawan jin “resemble with”, “similar with” da “same with” a bakin ɗalibai Sinawa?

Tushen kuskuren yana cikin ginin jumlar Sinanci. Idan Basine zai kwatanta abu biyu, yakan ce “A gen B yiyang” ko “A gen B hen xiang”, kuma wannan “gen” ɗin ita ce ake fassarawa da “with”. Shi ya sa yake ɗauko ta ya dasa a Turanci. Gyaran kuwa sai an haddace shi, domin kowace kalma da abokiyar tafiyarta: “similar to”, “the same as”, “identical to”, “different from”. Ita “resemble” aikatau ne so-karɓau, ba ta buƙatar kowace ƙaramar kalma tsakaninta da karɓau ɗinta, saboda haka “She resembles her aunt” shi ne daidai. Amma idan aka juya ta ta zama suna, sai “to” ta dawo: “She bears a striking resemblance to her aunt”. Akwai kuma batun “the”. Sinanci ba shi da makamanciyar wannan kalma, don haka ɗalibi kan ce “They are same”, ya manta cewa “same” kusan kullum tana tafe ne da “the” a gabanta.

Mene ne bambancin “like”, “alike”, “similar” da “identical”?

“Like” tana buƙatar suna a bayanta: “He looks like his brother”. “Alike” kuwa a ƙarshe take zama, bayan an riga an ambaci abubuwan biyu: “The brothers look alike”. Ba a sa ta gaban suna, don haka ba a cewa “alike brothers”, sai dai a ce “similar”. Ta fuskar ƙarfin ma'ana, “similar” na nufin akwai kama kuma akwai bambanci, ita ce “xiangsi” ko “leisi” a Sinanci. “Identical” na nufin babu bambanci ko na ƙwayar zarra, daidai da “yimu yiyang”, abin da mu muke cewa kamar an tsaga kara.

Tambayoyi uku ma sukan rikice wa ɗalibi saboda duk suna ɗauke da “like”. “What does he look like?” tambaya ce a kan siffarsa, “What is he like?” a kan halinsa, “What does he like?” kuma a kan abin da yake so, wato “xihuan”, wadda ba ta da alaƙa da kamanni ko kaɗan. “How does he look like?” kuskure ne, ko da yake ba Sinawa kaɗai ke yin sa ba.

Yaya ake fassara “chabuduo”, kuma me ya sa take jawo rigima a kasuwa?

Idan aka warware ta gaɓa-gaɓa, “cha bu duo” na nufin bambancin ba shi da yawa. A Turanci ana iya cewa “almost the same”, “roughly the same” ko “more or less”. Matsalar ita ce mai shago da Turancinsa bai yi nisa ba yakan taƙaita ta ya ce “same”, wani lokaci ma ya ninka ta ya ce “same same”, ba tare da niyyar yaudara ba, domin a kunnensa ma'anar ta yi kusa.

Na tuna ranar da na raka wani alhaji daga Kano shagon yadi. Ya zaro ɗan ƙyallen samfuri daga aljihun rigarsa, shuɗi mai duhu, ya ɗora a kan bandir ɗin da aka sauko masa da shi, ya tambaya ko iri ɗaya ne. Mai shagon ya murza ƙyallen tsakanin yatsunsa ya ce “same”, amma da ya juya ga yaronsa sai na ji ya ce “chabuduo”. Na tambaye shi da Sinanci inda bambancin yake, nan take ya faɗa mini ba ɓoye-ɓoye cewa launin ɗaya ne amma nasa bai kai samfurin kauri ba. Da alhajin ya tafi a kan kalmar “same”, da sai kaya sun iso an buɗe kwantena sannan rigima ta tashi. A takardar ciniki muka rubuta “identical to the sample in colour, weight and width”. Ina ba duk mai sayayya shawarar ya guji “similar” a irin wannan takarda, sai fa idan da gaske ya yarda a kawo masa mai kama. Idan kuma abin da yake so shi ne wani kaya daban da zai yi aiki iri ɗaya, kalmarsa ita ce “equivalent”.

Yaya ake cewa yaro ya ɗauko mahaifinsa?

“He takes after his father”. Wannan ta yi daidai da “sui” da ake ji a bakin mutanen arewacin Sin, kuma tana iya shafar fuska ko hali. Sharaɗinta shi ne daga ƙarami take tafiya zuwa babba a cikin dangi na jini, don haka uba ba ya “take after” ɗansa, haka aboki da aboki. Idan kamar ta yi tsanani, Sinawa kan ce an sassaƙo su daga mazubi ɗaya, Turawa kuma su ce “the spitting image of his father”, wanda ya yi kusa ƙwarai da namu na cewa kamar ya yi kaki ya tofar. “A chip off the old block” ta fi karkata ga hali, irin na barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ga mutanen da ba dangi ba akwai “lookalike”, da “dead ringer”, da “doppelgänger” wadda aka aro daga Jamusanci. Ita kuwa “fuqixiang”, wato kamar da ake cewa mata da miji na yi da juna, ba ta da kalma guda a Turanci, dole sai an yi mata jumla. Yawancin waɗannan na hira ne, kuma ba na son ganinsu a rubutun jarrabawa.

Ta yaya za a raba “imitate”, “mimic”, “ape”, “parrot”, “emulate” da “impersonate”?

“Imitate” ita ce uwar ɗakinsu, ba yabo ba zargi, kuma ita ce mafakar ɗalibin da ke shakka. Jariri na “imitate” iyayensa, mai koyon harshe na “imitate” malaminsa. “Mimic” kwaikwayon murya ne ko motsi, sau da yawa don nishaɗi ko ba'a, sai dai a ilimin halittu ba ta da wannan launi. A can “mimicry” ita ce “nitai”, yadda wata halitta ke ɗaukar kamannin wata don ta tsira, abin da masanin Ingila Henry Walter Bates ya bayyana a 1862 bayan nazarin malam-buɗe-littafi a dajin Amazon.

Domin bayyana “ape”, ban sami abin da ya fi labaran da kowane ɗalibi Basine ya sani tun firamare ba, waɗanda asalinsu ke cikin tsohon littafin falsafar Sinawa mai suna Zhuangzi. Na farko shi ne na kyakkyawa Xi Shi, wadda ciwon ƙirji ke sa ta yamutsa fuska, sai wata maƙwabciyarta da ba ta da kyau ta ga abin ya yi mata kyau, ita ma ta riƙa dafe ƙirji tana yamutsa fuska, har masu kuɗin unguwar suka rufe ƙofofinsu, talakawa kuma suka kwashe iyalansu suka guje mata. Daga nan aka sami karin maganar “Dong Shi xiao pin”, wato Dong Shi (sunan da aka laƙaba wa maƙwabciyar) na kwaikwayon yamutsa fuska. Na biyu shi ne na saurayin tsohuwar masarautar Yan da ya tafi Handan, babban birnin masarautar Zhao, don ya koyi irin tafiyar mutanen can, bai iya tasu ba kuma ya manta tasa, har ya koma gida da rarrafe. Duka biyun “ape” ne, wato kwaikwayo na rashin tunani, kuma a rubutu ana kiran irinsa “slavish imitation”. Da zarar na ba da waɗannan misalai, ban taɓa buƙatar maimaita bayanin ba.

“Parrot” maimaita magana ce ba tare da fahimta ba. A nan harsunan uku sun haɗu a kan tsuntsu ɗaya, domin Sinawa na cewa “yingwu xueshe”, wato aku na maimaita magana, mu kuma mun san aku. “Emulate” ita ce koyi, tana ɗauke da girmamawa da burin kamo wanda ake koyi da shi ko ma a wuce shi, kuma ita ce kalmar da ɗalibata ta buƙata a wasiƙarta. “Impersonate” kuwa shiga rigar wani ne. A dandali sana'a ce ta masu barkwanci, amma a waje sojan gona ne, kuma “impersonating a police officer” laifi ne da doka ke hukuntawa.

Me ya sa “moni” take da fassara har huɗu?

Saboda Turanci ya rarraba aikin wannan kalma ta Sinanci mai nufin kwaikwayon wani yanayi. “Moni kaoshi”, jarrabawar gwaji da ɗaliban sakandare ke ta yi kafin gaokao, wato babbar jarrabawar shiga jami'a ta watan Yuni, sunanta “mock exam”, ba “simulated exam” ba. Na'urar horar da matuƙan jirgin sama “simulator” ce, amma manhajar da ke sa kwamfuta ta yi aiki kamar wata na'ura daban “emulator” ce, alhali Sinanci na kiran duka biyun “moniqi”. A fannin lantarki kuma “moni xinhao” shi ne “analogue signal”. A kula kuma da “simulate” da “stimulate”, domin harafi ɗaya ne ya raba kwaikwayon yanayi da zaburarwa.

Shin “jia” kullum “fake” ce?

A'a, kuma wannan kuskure ne mai iya ɓata ran mutum. Sinanci na liƙa “jia”, wato abin da ba na asali ba, a gaban abubuwa da yawa ba tare da wata tuhuma ba. “Jiaya” haƙoran roba ne, a Turanci “false teeth” ko “dentures”. “Jiafa” gashin kanti ne, wato “wig”. “Jiahua” furannin roba ne, “artificial flowers”. “Jiazhi” ƙafa ce ko hannu na roba, kuma ana ce masa “artificial limb” ko “prosthetic limb”. Wanda ya ce wa mai lalura “fake leg” ya yi masa rashin ladabi ko da bai nufa ba. “Jiabi” ne kaɗai a wannan jeri ya zama jabu na gaske, wato “counterfeit money”. Ga fatar da ba ta dabba ba, “imitation leather” ko “faux leather” ake rubutawa a jikin kaya, domin an faɗa wa mai saye gaskiya tun farko.

Wace kalma ce ta dace da “shanzhai”?

Asalin ma'anar “shanzhai” ita ce sansanin da ke kan dutse, irin mafakar 'yan tawaye a tsofaffin labarai. Wajen 2008 ta bazu a matsayin sunan wayoyin hannu masu kama da na manyan kamfanoni, waɗanda ake dangantawa da Shenzhen da kasuwarta ta Huaqiangbei. Mafi kusa da ita a Turanci su ne “knock-off” da “copycat”, wato kayan da ya ɗauki siffar wani amma sau da yawa da nasa sunan, ko da sunan da aka ɗan jirkita. “Counterfeit” ta fi wannan nauyi, domin kaya ne da aka buga wa tambarin wani kamfani don a ɗauka nasa ne, abin da Sinawa ke kira “maopai”. “Pirated” kuma ta littattafai ce da fina-finai da manhajoji, wato “daoban”, satar fasaha. “Replica” a asalinta kalma ce mai tsabta, irin kwafin da gidan tarihi ke ajiyewa a gurbin na asali, amma masu sayar da agogo da jakunkuna na jabu a intanet sun mayar da ita lulluɓi, don haka a yi hattara da ita a talla.

Wurin da na fi tsananta wa ɗalibai shi ne magani. “Fangzhiyao”, idan aka bi gaɓoɓinta, na nufin maganin da aka yi bisa kwaikwayo, amma halastaccen magani ne mai sinadari iri ɗaya da na asali, wanda ake yi bayan wa'adin haƙƙin mallakar kamfanin farko ya ƙare. Sunansa a Turanci “generic drug”. Wanda ya fassara shi da “imitation drug” ko “fake drug” ya haɗa shi da “jiayao”, maganin jabu mai kisa, kuma ya ɓata sunan kamfanin da bai yi laifin komai ba.

A fannin zane da rubutu, ina iyakar “copy”, “forgery” da “plagiarism”?

A al'adar Sin kwafar aikin magabata hanya ce ta koyo mai daraja, ana kiranta “linmo”. “Lin” shi ne a ajiye aikin gwani a gefe ana kallo ana rubutawa, “mo” kuma a ɗora siririyar takarda a kansa a bi sawun alƙalaminsa, wato “copy” da “trace” a Turanci. Shahararren rubutun hannu na Wang Xizhi na shekarar 353, Lanting Xu, ya ɓace, ana kuma cewa an binne shi tare da sarki Taizong na daular Tang. Ta hanyar kwafe-kwafe ne aka san shi a yau, ciki har da wanda ake dangantawa da Feng Chengsu, da ke gidan tarihin fadar sarakuna a Beijing. Ba wanda ke kiran wannan “forgery”. Haka zanen da ake yi a ƙauyen Dafen na Shenzhen, muddin an sayar da shi a matsayin kwafi, “reproduction” ne. “Forgery”, wato “yanpin”, tana farawa ne daga inda aka ce wa mai saye na asali ne, kamar yadda Han van Meegeren ɗan ƙasar Holan ya yi da sunan shahararren mai zane Vermeer har kotu ta same shi da laifi a 1947.

“Plagiarism” kuwa ɗaukar maganar wani ne ko tunaninsa a ce naka ne. Ta fito daga kalmar Latin mai nufin ɓarawon mutane, wadda mawaƙin Rum Martial ya jefi mai satar baitocinsa da ita a ƙarni na farko na miladiyya. Wasu malamai baƙi kan ce al'adar “linmo” ce ke sa ɗalibai Sinawa ba sa ganin laifin wannan. Ban yarda da su ba, domin Sinanci na da “chaoxi” da “piaoqie” masu nufin satar rubutun wani, kuma dukansu kalmomin kunya ne. Abin da ɗalibi ke buƙata shi ne a nuna masa a aikace bambancin “quote”, “paraphrase” da “cite”.

Akwai wuraren tuntuɓe a furuci da rubutu?

“Mimic” na ƙara “k” idan ta zama “mimicked” da “mimicking”. “S” ɗin “resemble” ana furta ta kamar “z”, sautin da Sinancin Mandarin ba shi da shi. Ƙarshen “counterfeit” kamar “fit” yake fita, “facsimile” kuma gaɓa huɗu ce, kuma daga gare ta aka yanko “fax”. Da yake gaɓar Mandarin ba ta ƙarewa da baƙi in ban da “n”, “ng” da “r”, ɗalibi kan ƙara wasali a ƙarshen “like” ko “fake”, kamar yadda mu muka yi da bokiti. Kalmomi biyu kuma sun zo masa da sauƙi tunda Sinanci ya riga ya are su: “kaobei” daga “copy”, da “kelong” daga “clone”, wadda ta shiga bakin kowa bayan labarin tunkiya Dolly da aka haifa a Scotland a 1996.

Wace hanya ce ta fi dacewa wajen koyar da waɗannan kalmomi?

Ba na ba da jerin kalmomi a haddace. Nakan shigo aji da ɗan mutum-mutumin sojan yumɓu, irin wanda ake sayar wa masu yawon buɗe ido a Xi'an, inda manoma masu haƙar rijiya suka gano rundunar ta asali a 1974. In ajiye shi a kan tebur in tambaya mene ne wannan, har sai wani ya ce “replica”. Sannan in ce, to idan na shafa masa ƙasa na kai kasuwa na rantse cewa daga kabarin sarki Qin Shi Huang, wanda aka yi rundunar dominsa, aka tono shi fa? Sai ya koma “fake”, takardar shaidar da na haɗa masa kuma “forged”. Hotonsa da ke jikin katin gaisuwa “reproduction” ne. In kira ɗalibi ɗaya ya tsaya ƙiƙam kamar sojan, sauran su faɗa ko “imitate” yake yi ko “mimic”, gwargwadon ko dariya yake nema. Daga ƙarshe in nuna musu hoton sahun sojojin a cikin rami, in ce su dubi fuskokin da kyau su rubuta jumla ɗaya a kansu da “similar to” da “identical to”, kuma ba na karɓar takardar da “with” ta shiga cikinta.